Neman Iyakar Gonar Kakanmu a Ɗorayi

Malamin da muka ɗauko ya raba mana gadon Baffa bai daɗe a zaure ba ya mayar da alƙalaminsa aljihu. Ya ce shi ba ya raba abin da ba a san iyakarsa ba, ba ya kuma raba wa mutanen da ba a gama ƙirga su ba. Gidan da muke zaune a zaurensa da kangon da ke bayansa ba na Baffa ba ne shi kaɗai. Na kakanmu ne, kuma tun rasuwar kakan ba a taɓa zama an raba ba. Baffa shi ne babba, ya ci gaba da riƙo, ƙannensa suka yi masa kara, har mutuwa ta bi su ɗai-ɗai.

"Abu biyu za ku kawo mini," in ji malam. "Wa ya riga wa rasuwa, sannan daga ina zuwa ina ne na mamacin farko. Ranar da kuka kawo, lissafin ba zai kai mu la'asar ba."

Aka juyo aka dube ni. Kowane gida da wanda ake jibga wa irin wannan aiki, kuma galibi malamin makaranta ne, don ana ganin yana da hutu, ba ya kuma tsoron takarda.

Ga wanda bai san Kano ba, Ɗorayi tana kudu maso yamma da tsohon birni, a wajen badala, bayan tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. Yau unguwa ce a ƙaramar hukumar Gwale, gida na jingine da gida, ba ka gane inda ta ƙare Ja'en ko Ciranci suka fara sai an nuna maka. Mutanen nesa ta hanya biyu suka san sunanta: hawan Ɗorayi da Sarkin Kano ke yi a bikin ƙaramar salla, da masallacin da aka harbe Sheikh Ja'afar Mahmud Adam yana jan sallar asuba a watan Afrilun 2007. Amma mahaifina, da aka haifa zamanin Sarki Alhaji, har ya koma ga Allah in zai je kasuwar Kurmi cewa yake zai shiga birni.

Da mutane na fara. Na samo tsohuwar kalanda na juya bayanta, na rubuta sunan kaka a sama. Ya bar mata biyu, 'ya'ya maza huɗu, mata uku. A cikin bakwai ɗin nan Gwaggo kaɗai ta rage. Sauran kowa ya bar nasa magadan, wasu magadan ma sun bi su sun bar nasu, gado ya hau kan gado har hawa uku. Kafin in gama, sunaye sun cika takardar. Akwai na Legas, akwai mai aure a Maraɗi, akwai yaran da ban taɓa sa su a ido ba.

Cikas ɗin ya zo ne a kan wani ƙanin mahaifina da ya rasu yana matashi, kusan lokaci ɗaya da kaka. A shari'a wannan ba ƙaramar magana ba ce. In shi ya riga mahaifinsa, 'ya'yansa ba su da kaso, tunda 'yan'uwansa maza suna raye a lokacin. In mahaifin ne ya riga shi, ko da kwana ɗaya ne, to ya ci gado, rabonsa kuma ya gangaro kan 'ya'yansa. Ba takardar asibiti, ba wanda ya rubuta a bangon littafi. Wasu 'yan'uwa, waɗanda kasonsu zai ɗan kumbura in an cire gidan marigayin, nan da nan suka fara tunowa cewa lallai yaron ne ya riga.

Gwaggo ce ta kashe maganar. Ba ta riƙe shekara da lamba, abin da ya faru a cikinta take riƙewa. Ta ce Baba ya rasu da daminar shekarar canjin hannu, lokacin da motoci suka koma dama, mutane na ta ɗari-ɗari da tsallaka titi. Ƙaninta kuwa da sabon kuɗi aka yi sadakar bakwai ɗinsa, har wata tsohuwa ta ƙi karɓa ta ce ba ta san su ba. Canjin hannu a watan Afrilun 1972 aka yi shi, naira kuma ta fito ranar 1 ga Janairun 1973. Masu tunowa suka yi shiru.

Iyakar gona ita ta ci ni aiki. Malam ba gidan kaɗai yake so ba, so yake a san duk abin da kaka ya bari ranar da ya rasu, da inda kowane yanki ya tafi. Na ɗauki shatar adaidaita sahu, na sa Gwaggo a baya da jikarta mai riƙe mata sanda. Ita ce mai kai abinci gona tana yarinya, kafin a yi mata aure zamanin Sarki Sanusi.

"Gwaggo, daga ina za mu fara?"

"Daga kukar nan mana."

"Wace kuka kuma?"

"Kai dai mu je, ɗan nan."

Inda ta tsayar da mu shagon cajin waya ne da injin markaɗe. Ko kututture babu. Sai wani dattijo mai goro a bakin masallaci ya ce ƙwarai nan ne, an sare ta lokacin da za a ja wayar lantarki, kuma har gobe tsofaffin wurin gindin kuka suke ce wa mahaɗar. Daga nan ta sa aka bi wani titi mai lanƙwasa, wanda ya fi na kewayensa faɗi. Ta ce burtali ne, nan shanun Fulani ke bi, an killace shi dama da hagu kada su shiga amfanin mutane. Shi ne iyakarmu ta gabas.

A ranar na koyi karanta unguwar da na taso a cikinta. Duk lungun da ka gani miƙaƙƙe, igiyar dillali ce ta fitar da shi. Duk wanda ya karkace ya yi gwiwa ba dalili, tsohuwar hanyar ƙafa ce ko iyakar gona. Lungunan nan kuwa da kake shiga ka yi tafiya sai ka ci karo da bango, waɗanda baƙi ke zagin wanda ya tsara su, ba wanda ya tsara su. Kowane manomi tasa gonar ya yanka, a shekarar da buƙata ta kama shi, ya fitar da 'yar hanya a tsakiyarta. Inda gonarsa ta ƙare nan hanyarsa ta ƙare. Maƙwabcinsa da ya yanka bayan shekara biyar bai ga dalilin da zai sa ya yi asarar fuloti don hanyoyin su haɗu ba. Bangon da ya tare ka, shi ne inda shingen lalle ko layin gamba yake a da. Gonakin suna nan a shimfiɗe yadda suke, bulo aka ɗora musu.

Iyakar kudu rijiya ce, yanzu tana tsakar gidan wasu mutane da ba su san mu ba. Aka yi sallama, matar gidan ta shigar da Gwaggo, ni na tsaya a waje tunda ba a shiga. Ta daɗe a ciki. Ta fito da ƙullin gyaɗa da aka ba ta, ta ce ita ce, har da gurbin da guga ya ci a bakinta, sai dai an rufe ta da murfin ƙarfe don ruwan ya ɓaci. Ta yamma kuwa kududdufi ne, inda aka haƙi ƙasar ginin gidanmu da na maƙwabta. An cike shi da shara an sayar, akwai gidaje a kai. Su ne waɗanda ruwa ke shiga wa ɗaki duk watan Agusta, ana ta neman taimako a rediyo.

Bayan ƙafa sai takarda. Yayanmu, babban ɗan Baffa, ya fito da adakar mahaifinsa ya buɗe a gaban shaidu. Rasiɗan haraji ne suka fi yawa, an ɗaure su da zare shekara-shekara, na ƙarshensu dab da lokacin da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a 1979. A ƙarƙashinsu takardun ciniki. Na farkon da ajami aka rubuta su, da tawadar allo, kuɗin fam ne da sule, sai na nemi wani alaramma ya karanta mini. Na baya da biro ne a fallen littafin makaranta, kuɗin naira, da dangwalen yatsa da hatimin mai unguwa. Yawancinsu ba kwanan wata, sai da na jera su da irin kuɗin da sunan mai unguwar da ya sa hannu.

Da suka jeru sai labari ya fito da kansa. Cinikin farko kaka ne ya yi shi da ransa, ya sayar wa maƙwabci manomi ɗan gefe, gona ta koma gona. Na biyu bayan rasuwarsa ne, wani ɗan kasuwa daga cikin birni ya saya, bai noma ba, bai gina ba, ya kafa duwatsu ya tafi. Daga nan ba a ƙara rubuta gona ba, fuloti ake rubutawa, ƙafa 50 tsawo 50 faɗi, daga baya har rabin haka. Kuma kusan kowace takarda Gwaggo ta san abin da ya ci kuɗinta. Wannan auren wane ne. Wannan kujerar Makkan Inna ce. Wannan jinyar wance ce a asibiti. Wannan babur ne da aka saya wa mahaifina ya riƙa zuwa aiki Sharaɗa. Na nemi takarda ko ɗaya da ke nuna hukuma ta karɓe mana wani abu, ban samu ba. Akwai gidajen da hakan ta faru da su a kewayen Kano, wurin makarantu da masana'antu da filayen gwamnati. Namu dai da hannunmu muka gutsure shi, yadda ake cin ƙuli-ƙuli.

Labarin da ake ba mu muna yara shi ne Ɗorayi aljannar duniya ce, rumbuna cike, nono a ƙwarya, har birni ya zo ya haɗiye. Wani abokina mai koyar da tarihi ya ce kafin in rubuta haka a ko'ina in nemi littafin wata Baturiyar Ingila, Polly Hill. Ta yi zama a Batagarawa ta ƙasar Katsina, sannan ta zo ta yi bincike a Ɗorayi a 1971 da 1972, littafinta a kan karkarar Kano ya fito a 1977. Na same shi a laburare na zauna da shi. Wato tana yawo a gonakin nan a shekarar ƙarshe ta rayuwar kakana. Na tambayi Gwaggo ko ta gan ta, ta ce ita tana kulle a gidan miji, wace Baturiya za ta gani.

Ɗorayin da ke cikin littafin ba gari ba ne mai kasuwa da ganuwa. Gidaje ne warwatse a cikin gonaki, a ƙarƙashin gundumar Kumbotso, wasu manya ƙwarai, har da wanda mutanen cikinsa suka kai 100. Ƙasa ta yi wa mutane kaɗan tun a lokacin. Ba a barin gona ta huta, kowace shekara sai an noma ta, taki ne ke riƙe da ita. Magidanta da yawa abin da suke da shi bai isa ya ciyar da su ba, wasu ba su da gona ko taku ɗaya ta kansu. Manyan gidajen nan ma ba alamar wadata ba ce kawai. Saurayi ya yi aure, ba filin da zai fita ya kafa nasa, sai a yanka masa sashe a gidan uba.

Wannan ya yi daidai da abin da dattawan bakin masallaci suka gaya mini, in ka bar su suka wuce zancen nono da fura. Da rani jaki ba ya hutawa. A ɗora masa itace ko kara a shiga birni a sayar, a cika mangala da sharar birni da kashin dabbobi a dawo a zuba a gona. Wani yana saƙa, wani ɗinkin hula, wani dako, wani ya tafi cin rani. Tun kafin birni ya taka Ɗorayi da bulo, Ɗorayi da shi take ci. Gyaɗa ce ke kawo kuɗin haraji da na sutura tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai farin 1973 ya zo, cutar gyaɗa ta 1975 ta biyo baya, wannan ƙofar ma ta rufe.

Akwai wani ɓangaren tarihin da ba a son ɗagawa a zaure. Ɗorayi na cikin wuraren da sarakunan Kano ke da gandu, kamar Fanisau da Nassarawa da Gandun Albasa, kuma gidan sarki na nan har yau, shi ya sa ake hawa zuwa can. Bayi ne ke noma gandayen sarki a ƙarni na 19, manyan bayin fada irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama ke kula da irin waɗannan dukiyoyi. Talakawa masu hali ma suna da nasu bayin a gona. Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa daga watan Afrilun 1901 ɗa ne, amma sai 1936 aka soke bautar gaba ɗaya. Jikokin waɗancan da jikokin iyayengijinsu sun yi auratayya, sun yi sahu ɗaya a masallaci, sun sayar wa mutum ɗaya da fuloti. Na ɗan taɓo zancen wurin Gwaggo, ko ta san gidajen. Ta dube ni ta ce, "Gado aka sa ka ko tonon asiri?" Ban ƙara ba, kuma ina ganin ita ce da gaskiya. A rubuta cewa an yi, wannan wajibi ne. A nuna ƙofar gidan wani, wannan ba aikin kowa ba ne.

Yadda birnin ya iso kuwa ba ɓoyayye ba ne. Kano ta zama babban birnin jiha a 1967, ma'aikata suka ƙaru. Kwalejin Abdullahi Bayero da ke maƙwabtaka da mu ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, masinja da direba da mai shara duk suna neman ɗaki kusa. Masana'antun Sharaɗa suka tashi. Cikin badala ya cika, duk wanda aka raba gado ya sami abin da bai isa ɗaki ba sai ya fito waje neman fili. Sannan ga dokar filaye ta 1978, wadda ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna. Manomi bai karanta ta ba, amma ya fahimci abin da ya shafe shi: in gwamnati ta zo yin awo, diyyar amfanin gona da itatuwa da gini za a ba shi. Dattawan suka ce lissafin da kowa ya yi ke nan, gara ka kira dillali da igiyarsa yau ka karɓi kuɗinka a hannu. Abin da ake kira awon igiya ke nan, kuma shi ya gina mafi yawan inda muke.

Ana cikin haka rigima ta ɓullo daga adakar. Wata 'yar guntuwar takardar ajami ta nuna kaka ya jinginar da wani gefe wurin maƙwabcinsa a kan fam 6, ba a kuma fansa ba. A al'ada jingina ba ciniki ba ce, ranar da ka kawo kuɗin mutum ranar za ka karɓi gonarka. Samarin gidanmu suka yi tsalle, wani har ya fara lissafin gidajen da ke wurin. Na ɗauki takardar muka je wurin mai unguwa da Yaya.

"Ranka ya daɗe, ga abin da muka gani."

Ya juya ta, ya ba wani na gefensa ya karanta, ya yi shiru. Sannan ya ce, "Malam, na san wurin. Wanda aka jinginar wa ya mutu, 'ya'yansa da suka yanka sun mutu, waɗanda suka saya sun sayar. Wanda ke ciki yanzu hannu na uku ne ko na huɗu, da guminsa ya saya, ni na sa masa hannu ko mahaifina. In kun ce kotu, ba zan hana ku ba. Amma ku fara nemo mini mutum biyu masu rai da suka ga an ba da fam shidan nan."

Ya tura mu wurin dagaci, dagaci ya maimaita kusan haka. Malamin gado ya yi mana bayanin hauzi: a mazhabar Malikiyya, wanda ya riƙe wuri shekara 10 yana amfani da shi a gaban idon mai shi, ba dangantaka ba tsoro, mai shi bai yi magana ba, da'awarsa ta raunana. Ya ce jingina in ta tabbata hauzi ba ya cin ta, amma tabbatar da ita fa? Takardar ba ta faɗi iyaka ba, ba sunan shaida ko ɗaya. Aka tara 'yan'uwa aka yafe. Wanda ya fi kowa zafi shi ya fi kowa jinkirin cewa ya yafe, amma ya faɗa.

Yafiya ta biyu ta fi wannan nauyi, don a cikin gida take. Duk fulotan da Baffa ya sayar bayan 1972 dukiyar magada ce ba tasa ba. In za a bi ƙa'ida sai an lissafa kowanne an cire daga kason wanda ya amfana. Na riga na yi jadawalin, kowace takarda da abin da ta biya. Da aka karanta shi a zaure sai aka ga ba gidan da bai ci ba, har namu da baburin mahaifina. Ba wanda ya nemi a ci gaba da karantawa.

Sai muka kira safiyo. Ya zo da na'urarsa ya ɗauki kusurwoyin gidan da kangon, ya kafa duwatsu. Na roƙe shi ya buɗe hoton unguwar na sama a kwamfutarsa, muka bi inda Gwaggo ta nuna, daga gindin kuka, ta burtali, zuwa rijiya, zuwa kududdufi. Gonar kakanmu gaba ɗaya, wadda muka taso muna jin kamar doki zai gaji kafin ya kewaye ta, eka 3 ce da 'yan kai. Ita ke ciyar da gida mai mutum sama da 20. Na ƙirga rufin kwano a kanta ya haura 40. Abin da ya rage a hannunmu bai wuce fuloti uku ba.

Fuloti uku ba sa yankuwa ga mutanen da suka cika bayan kalanda. Aka kira dillalai daban-daban kowa ya yi kuɗi, aka ɗauki tsakiya. Malam ya cika alkawari, lissafin bai kai la'asar ba. Ya fitar da tumunin matan kaka biyu, ya raba saura kashi 11, kowane namiji biyu kowace mace ɗaya, sannan ya bi kowane mamaci ya sake raba nasa ga waɗanda ya bari. Akwai jikar da rabonta bai kai kuɗin buhun shinkafa ba, amma an rubuta sunanta, an kira ta a waya, ta ce a ba mahaifiyarta. Muka kai rabon kotun shari'ar Musulunci, alƙali ya ji wakilin kowane gida, aka tabbatar aka ba mu takarda. Yaya, da ke da shago a Kantin Kwari, ya ce ba zai ga gidan ya fita daga dangi ba, ya saye kason kowa, ya biya a hankali.

Shi ya ce a ƙarasa aikin a nemo satifiket, don kada 'ya'yansa su sha abin da muka sha. Na raka shi ma'aikatar filaye. Ana cike fam, a haɗa da zanen safiyo da takardar kotu da shaidar mai unguwa da dagaci da hotuna, a biya kuɗin buɗe fayil. Masu tsara birni su zo su ga wurin, ko yana kan hanya, ko magudanar ruwa, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki. In komai ya yi, takardar da za a ba ka ba ta ce ƙasar taka ce har abada ba, izinin zama ne na shekara 99, kuma akwai kuɗin ƙasa da za ka riƙa biya. Yaya ya yi dariya ya ce wato gidan da kakansa ya gina da ƙasar kududdufinsa yanzu haya zai koma yi a ciki. Jami'in da ya zo dubawa bai sami matsala da gidan ba, tunda yana bakin tsohon burtali mota na shiga. Ya ce da a cikin lungunan baya yake, waɗanda mu muka yanka, da sai an yi magana mai tsawo. Fayil ɗin yana tafiya.

Gwaggo, da ta haɗa nata kason da abin da ta gada daga mahaifiyarta, ta fi kowa samu. Na zaci Umara za ta ce. Sai ta aiko a kira ni, ta ce fili take so ta saya wa jikan nan nata maraya, tun tana da rai. A Ɗorayi kuɗin ba zai sayi ko rabin fuloti ba, don haka muka bi titin Gwarzo, muka wuce sabuwar jami'a, har wajen Janguza. Dillali ya kai mu wata gona, karan dawa na tsaye ba a gama kwashewa ba, mai gonar na gefe da 'ya'yansa maza biyu, babbansu aure zai yi bayan salla. An riga an kafa turaku an ja igiya.

"Ina hanyar?" in ji Gwaggo.

Dillali ya nuna tsakanin turaku biyu. Ta taka a hankali da sandarta daga wannan zuwa wancan, ta dawo.

"Nan ko makara ba za ta juya ba. Ka ƙara."

"Hajiya, kowace ƙafa kuɗi ce. In na ƙara, daga fulotin wa zan cire?"

Ta ce ya cire ƙafa biyu daga nata, na ɗaya gefen ma a cire biyu. Dillali ya ce nata dai ya ji, amma na ɗaya gefen an riga an sayar tun makon jiya, mai shi yana Abuja. Aka matsar da turke ɗaya, aka rubuta takarda, na sa hannu a matsayin shaida.